Salun ko wagon: wacce ta fi dacewa da mai iyali?

Mai iyalin da ya yanke shawarar sayen mota matsakaiciya, wato ajin su Toyota Camry, Honda Accord, Volkswagen Passat, Mazda6 da Peugeot 508, yakan zo ya tsaya a wuri ɗaya: salun zai ɗauka ko wagon? Salun ita ce mai rufaffen but daban a baya, wagon kuma ita ce mai dogon rufi har baya, wadda wurin kayanta yake haɗe da wurin zaman mutane. Kamfanoni da dama sun ƙera mota guda a siffa biyu. Passat ta fito a salun da kuma wagon da ake kira Variant, 508 ta fito da wagon mai suna SW, Skoda Superb tana da Combi, haka ma Mazda6 da Toyota Avensis. Daga bambar gaba zuwa ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, galibi mota ɗaya ce: inji ɗaya, giya ɗaya, kujerun gaba iri ɗaya. Kusan duk bambancin yana bayan kafaɗar direba. Don haka idan wani ya ce maka wagon ta fi ƙarfin inji, ko salun ta fi jure wahala, to motoci biyu daban yake kwatantawa, ba siffar jikinsu ba.

Abubuwan da ya kamata a auna su da su ba su wuce shida ba. Na farko kaya: nawa take ɗauka, kuma wane irin kaya ne zai iya wucewa ta bakinta. Na biyu zama: sararin kai da na gwiwa a kujerar baya, ƙara, da yadda sanyi yake kaiwa ga na baya. Na uku tsaron rai idan an yi hatsari, kuma a nan zan fi daɗewa, domin motar iyali ce ake magana. Sai kuɗin saye da na mai, sai ƙarko da samuwar kayan gyara, sai sauƙin tuƙi da fakin.

Kafin a shiga, akwai abin lura game da lambobin da kamfanoni ke bugawa na girman but. A Turai ana cika but ɗin da tubala masu girman lita ɗaya-ɗaya a ƙirga su, kuma a wagon ana tsayawa ne a ƙarƙashin labulen rufe kaya, daidai layin taga. A Amurka hanyar awon daban ce, kuma lissafin wagon yakan haɗa har sama kusa da rufi. Lambar mota biyu ba ta kwatantuwa sai idan da hanya ɗaya aka auna su. Duk lambobin da zan kawo a nan na awon Turai ne.

Salun

But ɗin salun rufaffen akwati ne da aka ware daga wurin zaman mutane, kuma a wannan ajin ba ƙarami ba ne. Passat ɗin da ta fito a 2014 tana ɗaukar lita 586, Avensis ta ƙarshe lita 509. Akwatunan tafiya na mutum huɗu za su shiga ba tare da wata dabara ba. Matsalar salun ba ciki ba ne, baki ne. Ɗauki keken tura jariri da aka naɗe: sai ka karkata shi, ka fara cusa tayoyin, ka sunkuya ka tura shi can ciki, sannan mariƙinsa ya maƙale a leɓen but ɗin ka sake jawo shi ka juya. A wasu samfuran kuma ƙarafan da ke riƙe marfin but masu lanƙwasa ne, suna saukowa ciki idan an rufe, su danne duk akwatin da ke gefe. Abu mai kusurwa huɗu kamar kwalin injin wanki ba zai shiga ba, ko da sararin cikin ya ishe shi.

Yawancin salun ana iya kwantar da kujerar bayansu gida biyu, amma ramin da yake buɗewa ƙarami ne, ya fi dacewa da abu dogo siriri. Mai neman Camry mai haɗa fetur da lantarki ya lura da shekara: a tsofaffin samfura batirin yana bayan kujerar baya, ya cinye wani ɓangare na but. Daga ƙirar da ta fito a 2017 aka mayar da shi ƙarƙashin kujera.

Wajen jin daɗin zama, salun tana da abubuwa uku da ba a raba ta da su. Ta fi shiru, domin ƙarar tayoyin baya da ta salansa sai ta ratsa but da bayan kujera kafin ta iso kunne. Na'urar sanyaya iska tana saurin cin ƙarfin zafin cikinta, saboda iskar da za a sanyaya ba ta da yawa, gilashin da rana ke shigowa ta cikinsa ma bai kai na wagon ba. Sannan warin abin da aka ɗauko, ko fenti ne ko taki ko jiƙaƙƙen takalmi, ya fi zama a can baya. Inda take gazawa shi ne kan mutumin da ke kujerar baya. Masu ƙira sun daɗe suna kwantar da rufin salun ta baya don kyau da kuma rage jan iska, har ya zama dogon mutum sai ya sunkuya wajen shiga, yana zaune kuma kansa na gogar rufi. Uwar da ke ɗaure yaro a kujerarsa sau da yawa a rana ita ce ta fi sanin wannan, domin bayanta ne ke ɗaukar nauyin sunkuyon.

A tsaro, babbar ribar salun ita ce kayan suna kulle a wani ɗaki daban. Idan aka yi karo ta gaba, akwati ba shi da hanyar tashi sama ya tsallake kujera. Sai dai mutane suna ɓata wannan ribar da hannunsu ta hanyar ɗora abubuwa a kan shimfiɗar da ke ƙarƙashin gilashin baya: lema, kwalbar ruwa, littafi mai kauri. Wurin daidai yake da ƙeyar yaran da ke zaune, kuma bai kamata komai mai nauyi ya hau kansa ba.

Kuɗi kuwa, sabuwar salun takan ɗan fi wagon ɗinta araha, kuma ta ɗan fi ta rashin shan mai a doguwar hanya. Ɓarawo ba ya ganin abin da ke cikin but ta taga. A fakin tana da wata 'yar wahala: daga kujerar direba ba ka ganin inda but ya ƙare, kuma tudunsa yana ɓoye duk abin da ke ƙasa a bayan motar, har da ƙaramin yaro.

Wagon

A takarda, ratar ba ta da yawa. Passat Variant ta 2014 lita 650 ce, wato ƙarin 64 kawai a kan salun ɗinta. Avensis wagon lita 543, ƙarin 34. Wanda ya tsaya a nan zai ce ba abin a zo a gani ba ne. Amma wannan lissafi ne na ƙasan labule. Sama da labulen akwai sarari har rufi, kuma idan aka kwantar da kujerun baya, Passat Variant tana kaiwa lita 1,780, Superb Combi ta 2015 tana kaiwa 1,950. Abin da ya fi lambobin muhimmanci shi ne ƙofa. Bayan motar gaba ɗaya yake ɗagawa, bakin kusan murabba'i ne, kuma a yawancinsu daɓen kayan daidai yake da leɓen ƙofar, sai dai ka ɗora ka tura. Keken guragu, keken yara, ƙaramin firiji, katifar jariri, duk suna shiga a tsaye ko a kwance ba tare da kokawa ba. Marfin da ya ɗaga sama yana kuma yi maka rumfa idan ana ruwa kana sauke kaya.

Yawancin wagon suna zuwa da ƙarafa biyu a saman rufi don ɗora kaya. Suna da amfani, amma suna da iyaka, galibi kilo 75 zuwa 100 har da nauyin akwatin saman kansa, kuma littafin motar yana faɗin adadin. Kayan saman rufi suna ƙara shan mai fiye da duk bambancin da ke tsakanin salun da wagon, suna kuma sa motar ta riƙa rinjaya a kwana.

Rufin wagon yana tafiya a miƙe har baya, don haka na kujerar baya yana samun sararin kai, ƙofar ma ta fi tsawo ta sama. Saka yaro a kujerarsa ya fi sauƙi. Amma kada a ɗauka cewa wagon kullum ta fi sararin gwiwa. Mazda6 da ta fito a 2012 misali ce mai kyau: tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya a salun milimita 2,830 ce, a wagon kuwa 2,750. Wagon ɗin ta fi gajarta, kuma salun ɗin ce ta fi ba ƙafa wuri. Shi ya sa ba a sayen motar iyali sai an zauna a bayanta. Gyara kujerar direba daidai tsawonka, sannan ka koma baya ka zauna a bayan kujerar, ka ga inda gwiwarka ta tsaya.

Ƙara ta fi yawa a wagon, musamman a kan hanya mai tsakuwa, domin rumbunan tayoyin baya suna cikin ɗaki ɗaya da mutane. Duk abin da ke yawo a baya kana jin sa. Jan labulen rufe kaya yana rage ƙarar, yana kuma taimaka wa sanyi. A ƙasa mai zafi, wagon ɗin da ba ta da ƙofofin iska na kujerar baya za ta wahalar da yara, domin ga ƙarin gilashi ga ƙarin sarari. Wannan abu ne da zan duba tun kafin launi ko rediyo.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wato kaya da mutane a ɗaki ɗaya. Karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10. Motar tana tsayawa cikin ƙiftawar ido, amma duk abin da ba a ɗaure ba yana ci gaba da tafiya a gudun da yake, ya daki abin da ke gabansa da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau gommai. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 17, wadda ƙasashe da yawa ke bi wajen gwada ƙarfin kujerun mota, tana gwada bayan kujera ne da tubala biyu masu kilo 18 kowanne. Iyalin da suka yi lodin doguwar tafiya suna iya ninka wannan sau uku ko huɗu. Kuma abin da aka jibga sama da tsayin kujera babu abin da ke tare shi sam.

Maganin ba mai wuya ba ne, amma sai an mayar da shi ɗabi'a. Kaya masu nauyi su zauna a ƙasa, a jingine da bayan kujera, kada a bar musu filin ɗaukar gudu. A ɗaure su da igiya a zobban da ke kusurwoyin daɓen, don haka aka saka zobban. Idan lodi zai wuce tsayin kujera, to ragar raba kaya da mutane ta zama dole, ko ta zare mai ƙarfi da ke zuwa da motar ko ta ƙarfe da ake ɗaurawa. Labule ba ya maye gurbin raga, aikinsa rufe ido ne kawai. Idan babu kowa a kujerar baya, a maƙala bel ɗinta duk da haka, yana ƙara riƙe bayan kujerar. Wanda ya san ba zai iya kiyaye waɗannan ba, a ganina salun ta fi masa alheri.

Akwai abubuwa biyu da ba a yi da wagon ko da tafiyar gajera ce. Ba a zaunar da yara a wurin kaya: babu bel, kuma wurin ne aka ƙera don ya lotse ya shanye duka idan an buge motar ta baya. Ba a kuma tafiya da ƙofar baya a buɗe saboda dogon kaya, domin iskar da ke juyawa a bayan mota tana jawo hayaƙin salansa ciki, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari ba ta da launi.

Wannan iskar mai juyawa ita ce kuma take watsa ƙura da taɓo a gilashin baya, shi ya sa wagon take da waifa a baya, salun kuwa yawanci ba ta da ita. Bayan tafiyar awa guda a kan hanyar ƙasa za ka ga gilashin ya koma ja, sai rabin da'irar da waifa ta share. Idan waifar ta mutu, madubin tsakiya ya zama ba shi da amfani. Ita ce farkon jerin abubuwan da wagon ta fi salun yawan lalacewa: sandunan da ke riƙe ƙofar baya suna saki da shekaru har ƙofar ta fara saukowa a kan mutum, wayoyin da suka bi ta maƙalar ƙofar suna karyewa saboda yawan buɗewa da rufewa, robar bakin ƙofa tana bushewa ta bar ƙura da ruwa su shigo. Babu mai tsada sosai a cikinsu. Mai tsadar shi ne abin da ba iri ɗaya ba ne da na salun: gilashin baya, ƙananan gilasan gefe, fitilun baya da ita kanta ƙofar. Inda wagon ba ta da yawa, ƙaramin karo ta baya yana iya ajiye motar makonni ana neman fitila ruwa a jallo.

A fakin kuwa wagon ta fi sauƙi fiye da yadda ake zato. Tsawonta kusan ɗaya ne da na salun ɗinta, kuma inda gilashin baya yake nan motar ta ƙare, sai ɗan abin da bamba ta ƙara. Sai dai tana buƙatar fili a bayanta da samanta kafin ƙofar ta buɗe, abin lura ga mai ƙaramin gareji.

| Ma'auni | Salun | Wagon |
|---|---|---|
| Kaya a ƙasan layin taga | Da yawa | Ya ɗan fi yawa |
| Manyan kaya masu kusurwa | Baki ya yi ƙanƙanta | Suna shiga cikin sauƙi |
| Sararin kai a baya | Rufi ya kwanta | Ya fi yalwa |
| Sararin gwiwa | Ya danganta da samfuri | Ya danganta da samfuri |
| Shiru da saurin sanyi | Ta fi | Tana biye |
| Kaya lokacin hatsari | A kulle suke daban | Sai an ɗaure, an sa raga |
| Ɓoye kaya daga ido | Cikakke | Sai da labule |
| Farashin sabuwa | Ya ɗan fi sauƙi | Ya ɗan fi tsada |
| Shan mai | Ƙasa kaɗan | Sama kaɗan |
| Kayan jikin baya | Sun fi samuwa inda salun ta yi yawa | Suna iya wuya |
| Fakin | Ba a ganin ƙarshen but | Ana ganin ƙarshen mota |

Akwai kuma ta tsakiya da bai kamata a manta da ita ba: motar da ke da siffar salun amma bayanta yana ɗagawa tare da gilashi. Superb ta 2015 haka take, da lita 625, haka ma 508 ta 2018 mai lita 487. Bakinta babba ne kamar na wagon, sai dai gilashin da ya kwanta yana hana dogayen kaya tsayawa. Dokar ɗaure kaya ta wagon ta hau kanta ita ma.

Abin da ya fi siffa nauyi

Idan aka zo kan tsira daga hatsari, shekarar mota da kayan tsaron da ke jikinta sun fi siffarta tasiri nesa ba kusa ba. Salun da wagon na samfuri ɗaya gabansu ɗaya ne, kuma dukansu sun fi dogayen motoci irin jif zama daram a ƙasa, don haka sun fi su wuyar kifewa.

Abu na farko da zan nema shi ne na'urar hana zamewa, wadda ake rubutawa ESC ko ESP, Toyota kuma take kira VSC. Tana lura da inda sitiyari ya nufa da inda motar take tafiya, idan suka saɓa sai ta taka birkin taya ɗaya-ɗaya ta dawo da ita kan hanya. An wajabta ta a Amurka daga motocin 2012, a Tarayyar Turai kuma a kan duk sabuwar mota daga Nuwamba 2014. Motar da ta girmi waɗannan shekarun, ko wadda aka ƙera don wata kasuwa daban, sai an duba. Ga wagon mai cike da lodi a baya wannan na'urar ta ƙara zama wajibi. Na biyu, jakunkunan iska na gefe, masu kumbura lokacin karo, da ke saukowa daga rufi su rufe tagogin gaba da na baya, domin su ne ke kare kan yaro idan an buge motar ta gefe. Na uku, maƙalan kujerar yara na ISOFIX, waɗanda a Amurka ake kira LATCH: ƙarafa biyu ne a lungun kujerar baya, sai na uku na igiyar sama. A salun na ukun yana kan shimfiɗar bayan kujera, a wagon yawanci yana jikin bayan kujerar ta wajen kaya, kuma kada a rikita shi da zoben ɗaure kaya. Ƙa'idar Turai ta R129 ta ce yaro ya zauna yana kallon baya har aƙalla wata 15, kuma irin wannan kujerar ba a sa ta a gaba muddin jakar iskar wurin tana aiki. Birki mai kama kansa idan ya hango karo da kyamarar ribas su ma sun cancanci ƙarin kuɗi, kyamarar ma an wajabta ta a sababbin motocin Amurka tun Mayu 2018.

Taurarin gwajin karo suna taimakawa idan an san yadda ake karanta su. Euro NCAP, hukumar gwajin karon motoci ta Turai, ta fara aiki a 1997, kuma tana ƙara tsaurara gwajinta lokaci zuwa lokaci, don haka tauraro biyar na 2009 ba ɗaya ba ne da biyar na 2019. Cibiyar IIHS ta Amurka ta shigo da gwajin karon gefen gaba a 2012, inda kwata ɗaya kawai na faɗin motar ke dukan shinge, kuma motoci da yawa da aka ƙera kafin lokacin ba su yi kyau a cikinsa ba.

Mai sayen ta hannu yana da ƙarin aiki. Kunna makulli ka ga fitilar jakar iska da ta ABS, wato na'urar hana taya kullewa idan an taka birki, sun kama sannan sun mutu bayan 'yan daƙiƙu. Fitilar da ba ta kama ba sam ta fi wadda ta ƙi mutuwa ban tsoro, domin wataƙila cire ta aka yi. Ɗauki lambar jikin motar mai alamomi 17 ka bincika ko tana cikin waɗanda aka nemi a mayar da su don gyara saboda jakunkunan iska na kamfanin Takata, matsalar da ta shafi miliyoyin motoci na kamfanoni da yawa, kuma zafi da laima suke ƙara tsananta ta. A wagon, tsaya daga nesa ka dubi yadda take zaune: idan bayanta ya dusa alhali babu kaya, sifirin da shokazoba sun sha lodi. Ɗaga daɓen but ka duba wurin safaya ko akwai ruwa, tsatsa ko alamar walda. Yawancin wagon ɗin Turai na dizal ne, da dama kuma motocin aiki ne na kamfanoni da suka ci doguwar hanya. Injin dizal na zamani yana da matatar hayaƙi da ke toshewa idan gajerun tafiye-tafiye kawai ake yi da shi, ko man yana da sinadarin sulfur da yawa. Giyar ma a tambaya: DSG, wato nau'in giyar otomatik ta Passat da Superb, tana da daɗin tuƙi amma tana son makaniken da ya san ta, kuma nau'inta mai giya shida da ke aiki cikin mai ana canza masa mai duk kilomita 60,000. Otomatik ta gargajiya irin ta Mazda6 da Camry mai fetur zalla ta fi haƙuri da sakaci.

Kowace siffa ka ɗauka, akwai takarda a jikin motar, galibi a ginshiƙin ƙofar direba, da ke nuna iyakar nauyi da iskar da taya ke buƙata idan an yi cikakken lodi. Abin da motar wannan ajin take iya ɗauka, mutane da kaya a haɗe, yana wajen rabin tan ne. Manya biyar sun riga sun cinye mafi yawansa, kuma faɗin wagon bai ƙara mata wannan iyakar da wani abin kirki ba.

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Mai ƙananan yara biyu ko uku, wanda kullum yana tare da keken jariri da jakunkuna, wagon ce tasa, da sharaɗin raga da ƙofofin iska na baya. Haka wanda ke ɗaukar mai keken guragu, ko mai sana'ar da ke yawo da kayan aiki a ranakun mako ya ɗauki iyali a ƙarshensa. Idan kujerun yara uku za a jera a baya, a je da su wurin mai sayarwa a gwada, domin faɗin kujerar baya ɗaya ne a siffofin biyu, kuma a yawancin motocin wannan ajin uku ba sa zama cikin sauƙi.

Wanda yaransa suka girma, tafiyarsa ta fi yawa a babbar hanya, kayansa kuma akwatuna ne, salun za ta fi ba shi shiru da sanyi da sauƙin mai. Haka mai yawan barin kwamfuta ko kayan aiki masu tsada a mota, da wanda ke ɗaukar manyan baƙi ko dattawa a baya, in dai ya tabbatar rufin bai matse su wajen shiga ba. Wanda manyan kaya ke taso masa sau ɗaya ko biyu a shekara bai kamata ya sayi wagon don wannan kaɗai ba, hayar motar kaya a ranar ta fi sauƙi.

Wurin da mutum yake zaune ma yana yanke hukunci. A Turai wagon ce ta yi rinjaye a wannan ajin, har sabuwar Passat da aka nuna a 2023 wagon kawai ake sayarwa a can. A Amurka da yawancin Asiya salun ce ta cika hanya, Camry da Accord na yanzu ma a salun kaɗai ake ƙera su. Sayen siffar da ta fi yawa a kasuwarka yana nufin kayan gyara a kusa da kuma mai saye a shirye ranar da za ka sayar.

Mai bin hanya marar kyau ya dubi tsayin cikin mota daga ƙasa kafin komai. Salun da wagon na yau da kullum suna wajen santimita 14 zuwa 15 ne, kuma wagon mai lodi takan daki ƙasa da bayanta a kan tudun rage gudu. Irin wannan direban ya nemi wagon da aka ɗaga, kamar Subaru Outback mai santimita 20 zuwa 22 da ja da taya huɗu, ko Passat Alltrack, ya kuma shirya wa ƙarin kuɗin mai da na taya. Wanda kuma kuɗinsa ya tsaya tsakanin wagon tsohuwa marar ESC da salun da ta fi ta sabunta mai ESC da jakunkunan iska na gefe, ya ɗauki salun ɗin, ya sa mata ƙarafan ɗora kaya a rufi don ranar doguwar tafiya.